Sai Bango Ya Tsage: Yadda Ƙwari da Cuta Ke Cin Kurmin Asante

Duk wanda ya taɓa gini a Ayigya Zango cikin 'yan shekarun nan, ko ya je kasuwar katako ta Sokoban neman abin yin ƙofa ko taga, ya san cewa icen odum, wato wanda Hausawa ke kira loko, ya yi wuyar samu. In ma an dace an same shi, to kuɗinsa sai mai hali. Dattawanmu kuwa ba su manta da zamanin da kafintocin Anloga ke da shi jibge ba, ana yin ƙofofi da kujeru da akwatuna da shi, domin gara ba ta cin sa da sauƙi, ruwan sama kuma ba ya saurin ruɓar da shi.

Tambayar da mutane kan yi ita ce, tun da an sare na daji, me ya hana a dasa wani kamar yadda ake dasa koko da tik? Amsar ita ce an gwada, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya hana ruwa gudu. Abin lura kuwa shi ne, wannan ƙwaro ya daɗe a kurmi tare da odum shekaru aru-aru, bai ƙarar da shi ba. Sai da ɗan Adam ya sare kurmin, ya jera ice iri ɗaya a fili cikin rana, sannan ƙwaron ya zama annoba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan wata za mu duba yadda bangon ya tsage, da kuma abin da masana na nan kusa da mu suka gano game da yaɓe tsagar.

Me ya haɗa mu da kurmi?

Wani zai ce mu mutanen Zango 'yan kasuwa ne da masu sana'a, ina ruwanmu da abin da ke faruwa a daji? To, ai kurmin ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Goron da fatake ke ɗora wa jakuna daga Gwanja zuwa Kano da Katsina da Sakkwato, a kurmin Asante ake tsinko shi, sannan a kai shi kasuwar Salaga. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa 'yan kasuwa. Da Ingilishi suka mamaye Kumasi a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, sai da yawa daga cikinsu suka gangaro suka zauna a bakin kurmin kansa. Ko Alhassan Ɗantata na Kano, fataucin goro daga wannan ƙasa yana cikin abin da ya fara kafa arzikinsa da shi.

Har gobe kuwa ba mu rabu da kurmi ba. Akwai masu sayar da goro a cikinmu, akwai kafintoci da direbobin manyan motocin katako, akwai masu maganin gargajiya da ke neman saiwa da sassaƙe, akwai kuma 'yan'uwanmu da ke aikin ƙodago a gonakin koko. Ruwan famfon da muke alwala da shi ma, daga madatsun Owabi da Barekese yake zuwa, waɗanda itatuwa ne ke tsare bakinsu daga zaizaya.

Ana ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 kurmin kudancin ƙasar nan ya kai hekta miliyan 8 da 'yan kai. Kafin ƙarnin ya ƙare, abin da ya rage bai wuce wajen hekta miliyan 1.6 ba, kusan dukansa a cikin gandayen daji da gwamnati ta keɓe bisa dokar 1927. Saboda haka maganar lafiyar ɗan abin da ya saura, magana ce ta abincinmu.

Ɗan ƙwaron da ya gagari masu dashe

Wanda ya kama hanyar Ejisu daga Ayigya, bayan ya wuce Kentinkrono da Oduom, zai iso Fumesua, inda Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ghana take, wadda aka fi sani da FORIG. A nan ne aka shafe shekaru ana fama da matsalar odum. Dakta Joseph Cobbinah, masanin ƙwari wanda ya shugabanci cibiyar, da abokin aikinsa Farfesa Michael Wagner na wata jami'a a jihar Arizona ta Amurka, suna cikin waɗanda suka fi bin diddigin wannan ƙwaro a shekarun 1990. Sunansa a bakin masana Phytolyma lata.

Ga yadda yake ɓarnarsa. Macen takan yi ƙwai a kan sabon toho. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai ɗan ya huda ganyen ya shige, ganyen kuma ya kumbura ya yi masa ƙullutu kamar ɗaki. A ciki yake zama yana tsotsar ruwan icen har ya girma, cikin mako biyu zuwa uku, sannan ƙullutun ya fashe ya fito ya sake yin ƙwai. Inda ya fashe kuwa ya zama gyambo, fumfuna ta shiga, kan icen ya ruɓe ya bushe. In icen ya sake toho, sai wata zuriya ta sake hawa. Haka za a yi ta yi har dashen ya tsumbure, ko ya yi rassa barkatai ya kasa miƙewa, ko ma ya mutu gaba ɗaya. Feshin magani bai warware matsalar ba, domin ƙwaron yana ɓoye cikin ƙullutu, kuma ba mai iya feshin gona kowane wata har shekaru masu yawa a kan icen da ba za a ci moriyarsa ba sai bayan rabin ƙarni.

To, yaya odum ya yi ya rayu a kurmi? Binciken ya nuna cewa a kurmi odum ba ya tsirowa a cunkushe. Ɗaya a nan, ɗaya can nesa, tsakaninsu itatuwa iri-iri. Ƙwaron yakan sha wuya kafin ya gano shi, kuma an lura ƙullutun ya fi yawa a kan dashen da ke fili cikin rana fiye da wanda ke ƙarƙashin inuwa. Amma inuwar ma in ta yi yawa, icen ba ya girma. Don haka aka koma gwada dasa shi a gauraye da wasu itatuwa kamar ofram, ko a cikin 'yan filaye ƙanana a tsakiyar kurmi. Wannan bai kawar da ƙwaron ba, ya dai rage masa ƙarfi yadda icen zai samu ya wuce shekarun ƙuruciya, waɗanda su ne mafi haɗari gare shi.

Abu na biyu da aka gano shi ne, odum ba duka ɗaya ba ne. Da aka tattaro iri daga wurare dabam-dabam aka shuka tare, sai aka ga 'ya'yan wasu iyaye suna jure harin, suna murmurewa da sauri, wasu kuwa nan da nan suke lalacewa. Daga nan aka koyi yanko reshen masu juriyar a sa shi ya yi saiwa, domin a yawaita su. A nan ne ɓarnar masu sara ba bisa ƙa'ida ba ta fi ciwo. Mai zarton inji ba ya neman tsumburarren ice. Wanda ya fi miƙewa, ya fi kauri, shi yake fara kayarwa. Wato dai iyayen da ya kamata a ɗebi iri daga gare su, su ne ke fara tafiya kasuwa.

Akwai kuma wani mai taimakon odum da ba a cika gode masa ba, wato jemage. Irin jemagun nan da ke cika itatuwan gidan namun daji na Kumasi, kusa da Kejetia, suna shan 'ya'yan odum da dare, su tashi su kasayar da ƙwayar a wuri mai nisa da uwar. Ta haka ne ɗan tsiron ke tsira daga ƙwarin da suka taru a kan uwarsa. Duk inda aka ƙarar da jemage, an rage masu shuka odum kyauta.

Maɗacin kurmi da tsutsarsa

Kowane Bahaushe ya san maɗaci da ɗacin sassaƙensa. Yana da 'yan'uwa a kurmi, waɗanda Turawa ke kira mahogani, mutanen Asante kuma ke ce wa ɗaya daga cikinsu dubini. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake fitar da gungumansa daga gaɓar tekun ƙasar nan zuwa Turai. Shi ma da aka ga yana ƙarewa aka yi ƙoƙarin dasa shi gona-gona, shi ma aka ci karo da nasa abokin gaba.

Wannan karon wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, mai suna Hypsipyla robusta. Tsutsarsa ce ke huda kan dashen, ta bi ta cikin ɓargo tana ci, har kan ya yanƙwane ya karye. Icen ba ya mutuwa, sai dai ya fitar da kai biyu ko uku a madadin ɗaya. Ga mai neman inuwa wannan ba komai ba ne, amma ga mai neman katako asara ce, domin darajar gungume tana ga tsawonsa da miƙewarsa. Magungunan da masanan Fumesua suka fi amincewa da su sun yi kama da na odum: a gauraya shi da wasu itatuwa, a bar masa inuwa daga gefe don ya miƙe sama yana neman haske, a zaɓi iri mai juriya, sannan a riƙa datse rassan da suka yi yawa a bar kai ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan wahala ce ta sa gonakin itatuwa na ƙasar nan suka cika da baƙin itatuwa biyu, wato tik da ya fito daga Asiya, da sidirela da ya fito daga nahiyar Amurka. Sidirela ɗan'uwan mahogani ne, kuma a can ƙasarsa yana da tasa tsutsar mai huda masa kai, amma da aka kawo shi nan sai ya baro ta a baya, tamu kuwa ba ta cika damuwa da shi ba. Wannan sa'a ce, ba dabara ba. Ranar da jirgin ruwa ya shigo da abokin gabansa cikin wani gungume ko akwati, zai tarar da dubban hektoci na abinci iri ɗaya a jere.

Darasin koko

In akwai mai shakkar abin da cuta kan yi wa ice iri ɗaya, to ya tambayi manoman koko. Yawancin kokon da ya bazu a ƙasar nan bayan Tetteh Quarshie ya dawo da iri daga tsibirin Fernando Po a 1879, iri guda ne, mai kama da juna ƙwarai. Aka sare kurmi aka cika shi da shi. A 1936 aka ba da rahoton wata cuta a yankin Gabas, wajen Koforidua, mai sa reshen koko ya kumbura, ganye ya yi jan zane, amfani ya ragu, icen ya mutu cikin 'yan shekaru. Aka buɗe tashar bincike a Tafo a 1938, inda wani masani mai suna Posnette ya tabbatar da cewa ƙwayar bairas ce ke kawo ta.

Masu yaɗa ta wasu ƙananan ƙwari ne farare, kamar an barbaɗa musu gari, masu tsotsar ruwan ice. Tururuwa ce ke kiwon su, tana shan zaƙin da suke fitarwa, har takan gina musu 'yar rumfa ta kare su. Abin mamaki kuma, cutar ba tare da koko ta zo ba. A nan ta tarar da shi. Tana zaune a jikin wasu itatuwan daji, irin su rimi da kuka da wasu dangin goro na daji, ba tare da ta yi musu wata babbar illa ba. Da aka shimfiɗa mata koko, reshe na taɓa reshe daga wannan gona zuwa waccan, sai ta samu hanya.

Cutar ba ta da magani sai sare icen da ya kamu da na kewaye da shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta fara saran dole a 1946, a daidai lokacin da farashin koko ke hawa, manoma kuwa suka ga ana kayar musu da itatuwa masu 'ya'ya a jiki. Fushin da wannan ya jawo yana cikin abubuwan da kwamitin Watson ya lissafa a matsayin musabbabin tarzomar 1948, wadda ta gaggauta tafiyar ƙasar nan zuwa mulkin kai a 1957. Daga 1946 zuwa yau an sare itatuwan koko fiye da miliyan 200 saboda wannan cuta, amma ba a rabu da ita ba. A shekarun baya-bayan nan ta yi ƙamari a yankin Yamma ta Arewa, kuma tana cikin dalilan da suka sa kokon da ƙasar nan ta samu ya faɗo daga sama da tan miliyan 1 a kakar 2020/21 zuwa wajen rabin haka a kakar 2023/24, tare da rashin kyan yanayi da galamse da fasa-ƙwauri.

Wutar 1983 da baƙin da ta buɗe wa ƙofa

Duk wanda ya yi wayo a 1983 ba zai manta da ita ba: ga fari, ga yunwa, ga 'yan ƙasa kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya, ga kuma wutar daji da ta ci gonakin koko da na abinci. A da ana ganin kurmi ba ya cin wuta saboda danshinsa. Amma inda masu katako suka yi sara da yawa, rana ta samu shiga har ƙasa, busassun rassa suka taru, sai wutar ta samu abin ci. Gandayen da ke gefen arewacin kurmi, wajen Offinso da Bono, su suka fi jin jiki. Dokar hana ƙona daji ta 1990 ta biyo bayan wannan masifa.

Inda wuta ta bi, ba odum ko mahogani ne suka fara tsirowa ba. Ciyawar nan da ake kira Acheampong ce ta mamaye. Asalinta daga nahiyar Amurka take, ta samu sunanta ne don ta bazu a zamanin mulkin Janar Acheampong, tsakanin 1972 da 1978. Takan rufe ƙasa ta danne 'ya'yan itatuwa, da rani kuma ta bushe ta zama makamashin wata wutar. Bugu da ƙari, masana sun danganta yaɗuwarta da ƙaruwar farar nan mai wari, mai zanen rawaya da baƙi da ja, wadda ke cin rogo da dashen tik.

Baƙo na biyu da hannu aka kawo shi. A 1969 aka shigo da wani ice daga Asiya domin a gwada ko zai yi amfani wajen yin takarda. Masana'antar takardar ba ta samu ba, amma icen, wanda manoma ke kira York, ya tsere daga wurin gwaji. Bayan gobarar shekarun 1980 ya cika gandun Afram Headwaters da ke wajen Abofour, ya shiga gonakin jama'a. In an sare shi sai ya tsiro ta saiwa.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. A lardin British Columbia na ƙasar Kanada, ma'aikatan daji sun shafe shekaru suna kashe duk wata wutar daji da ta tashi, har dazuzzukan suka cika da tsofaffin itatuwa iri ɗaya, masu shekaru ɗaya. Da sanyin hunturu ya ragu, ya daina kashe wani ɗan buzuzu mai shiga ƙarƙashin ɓawo, sai ƙwaron ya ɓarke daga ƙarshen shekarun 1990, ya shafi fiye da hekta miliyan 18, wato fiye da ninki biyu na dukan kurmin ƙasar nan a zamanin da yake cikakke. A Jamus da ƙasar Cek, inda aka daɗe ana dasa ice iri ɗaya saboda katako, farin 2018 ya raunana itatuwan, irin wannan buzuzu ya gama da su, har ma'aikatan dajinsu suka koma dashen gauraye. A Amurka kuwa, a 2002 aka gano wani koren ƙwaro a wajen birnin Detroit, wanda ake kyautata zaton cikin katakon ɗaure kaya ya shigo daga Asiya, ya kashe miliyoyin itatuwa.

A ƙasar Hausa ma an ɗanɗana. Dogon yaro baƙo ne daga Indiya, amma shi aka dogara da shi wajen tare iska da samar da inuwa. Da ya fara zubar da ganye yana bushewa a sassan Nijar da arewacin Nijeriya a farkon shekarun 1990, hankali ya tashi, domin babu wani ice da aka tanada a madadinsa. Abin da ya fi amfanar manoman Maraɗi shi ne sassaben zamani, wanda ya fara bazuwa tun 1983, wato barin kututturen itatuwan gida irin su gawo da kalgo da sabara su sake toho a cikin gona ana gyara su. Ana ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar.

Sankara ɓata goro

Mu dawo kan abin da ya fi kusa da aljihunmu. Duk mai sayar da goro ya san baƙin cikin buɗe huhu ya tarar da sankara ta shiga. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, yawanci tun daga gona ake ɗauko ta. Ƙwaron da ke haddasa ta, wanda masana ke kira Balanogastris kolae, yana yin ƙwai ne a cikin goron da kwansonsa ya faɗo ƙasa ya fashe, ko wanda wani abu ya riga ya huda. Tsutsar tana girma a ciki tana ci, ta zama ƙwaro, ta fito ta hau na kusa da ita a cikin huhu. Saboda haka maganin farko yana hannun manomi: ya tsinke kwanson da ya nuna tun bai faɗo ba, ya kwashe ruɓaɓɓun da ke ƙarƙashin ice ya binne. Na biyu yana hannun ɗan kasuwa, kuma shi ne abin da iyayenmu suka saba: a riƙa buɗe huhu a kai a kai, a tsince wanda ya huje, a sauya ganye.

Abin da ba za mu yi shiru a kansa ba shi ne ɗabi'ar wasu ta zuba wa goro maganin feshin koko, ko ƙwayar da ake sa wa hatsi a sito. Goro ba a dafa shi, ɗanye ake ci, a wurin ɗaurin aure da suna, tsofaffi ne kuma suka fi cin sa. Gamalin da aka daɗe ana amfani da shi an hana shi, sinadarin da ke cikinsa ma ya shiga jerin gubar da ƙasashen duniya suka amince a daina yi a 2009. Wanda ya tsare jarinsa da lafiyar mai saye, to ya san ya ɗauki alhaki.

Kuma ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro daga Asiya ya auka wa mangwaro a ƙasar nan da maƙwabta, ganye ya yi baƙi ƙirin, 'ya'ya suka ƙi. Abin da ya karya shi wata 'yar mitsitsiyar zanzaro ce da aka kawo daga Indiya, aka fara sakinta a Togo a 1987. Feshin da ba a yi da sani ba, irin waɗannan mataimaka yake fara kashewa.

Abin da ya rage gare mu

Ma'aikatan daji su ma sun koyi darasi. A gandun Bobiri da ke kusa da Kubease, wanda aka keɓe a 1939, an taɓa gwada kashe itatuwan da ake ganin ba su da kasuwa da guba, domin masu tsada su samu haske. Daga baya aka watsar da wannan tsari. Ƙa'idar da aka koma kanta ita ce a zaɓi itatuwa kaɗan da suka kai girma a sare, sannan a bar wurin ya huta shekara 40. Dokar 1998 ta hana yanka katakon sayarwa da zarton inji, ko da yake binciken da aka yi wajen 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na katakon kasuwannin gida ta wannan hanya yake fitowa. Tun 2002 kuma akwai sabon tsarin taungiya, inda manomi ke noma abincinsa a gandun da ya lalace yana renon itatuwa, in an sayar da katakon ya samu kashi 40 cikin 100, Hukumar Gandun Daji 40, masu ƙasa 15, jama'ar ƙauyen da ke kusa 5.

Mu kuma namu bai fi ƙarfinmu ba. Masu gonakin koko da goro a cikinmu su bar 'ya'yan odum da dubini da ofram da suka tsiro da kansu, su kuma nemi ofishin gandun daji na gundumarsu don a rubuta musu waɗanda suka dasa. In ma'aikatan koko sun zo duba gona, a ba su haɗin kai, domin ice ɗaya da aka ɓoye kan jawo asarar gonar maƙwabci. Masu zuwa ganin gida su daina ɗauko dashe daga wata ƙasa ba tare da masu duba tsirrai na kan iyaka sun gani ba. Kafintoci da masu gini su saba da sauran itatuwan da ke da ƙwari, ba lallai sai odum ba.

Ranar 11 ga Yuni 2021 an yi gangamin dashen itatuwa miliyan 5 a faɗin ƙasar nan, makarantu da masallatai da yawa sun karɓi dashe. Muna kira ga sarakunan Zango da limamai da shugabannin matasa, duk lokacin da irin wannan dama ta sake zuwa, kada a cika harabar makaranta ko maƙabarta da ice iri ɗaya don shi ne ya fi saurin girma. A gauraya, a sa na gida a ciki, sannan a naɗa wanda zai ba su ruwa da rani ya kare su daga awaki. Malamanmu sun sha gaya mana cewa dashen ice sadaka ce ga duk wanda ya ci ko ya sha inuwa, mutum ko dabba ko tsuntsu. Allah ya ba mu ikon bar wa jikokinmu abin da kakanninmu suka tarar, amin.